Kufan Duwatsun Mandara: Tafiya da Keke daga Mokolo zuwa Mora

Wanda ya hau keke daga Mokolo ya nufi Koza ya san wannan hanya. Tsawonta wajen kilomita 20 ne kawai, amma hanyar dutse ce mai kwana da yawa. A tafiya birki ne yake shan wahala, gama bayan Jingiliya hanya takan gangara ƙwarai zuwa fili. A dawowa kuwa ƙafa ce take biya, har mutum ya sauka ya tura. Mu masu aikin katikis mun saba da ita, domin keke ne dokinmu sa'ad da muke zaga ƙauyuka. Shekaru da dama na bi hanyar nan, idona yana kan ramuka da sarƙar keke, ban san ina wucewa kusa da gine-ginen da suka girmi garin Mokolo da shekaru ɗaruruwa ba. Labarinsu nake so in ba ku, 'yan'uwa, bisa ga yadda hanya take kai mutum gare su.

Abu na fari da matafiyi zai gani shi ne gonakin tudu. Mutanen Mafa sun jera duwatsu a jikin kowane tudu, layi bisa layi kamar matakala, domin kada ruwan damina ya kwashe ƙasa. A kan waɗannan matakalai suke noma dawa da gero da wake. Kowace shekara kafin shuka sai maigida da iyalinsa su gyara inda ya rushe. Aikin nan na kakanni ne, kowane tsara yana karɓa daga hannun na gabansa. Wanda ya lura da shi ba zai yi mamakin abin da ke gaba ba.

A duwatsun da suke kusa da Koza, kewaye da babban dutsen Upay, akwai kufai guda 16 a ƙauyuka 7. Da harshen Mafa ana kiransu Diy-Gid-Biy, ma'anarsa kufan gidan sarki. Keke ba ya kai wa gare su. Dole a bar shi a gidan wani a gindin dutse, a hau da ƙafa. Mafi girma a cikinsu yana ƙauyen Kuva. An gina su da dutse zalla, ba laka, ba siminti. Maginan sun zaɓi duwatsu masu fuska shimfiɗaɗɗiya, suka jera su, suka cusa ƙanana a tsakani har bango ya tsaya daram. A ciki akwai dakali masu tsawo, da matakalai, da ƙananan hanyoyi da aka rufe samansu da manyan duwatsu. Bangayen sun bambanta ƙwarai da na gonakin da ke kewaye da su, ko yaro ya duba zai gane ba hannu ɗaya ya yi su ba.

Wa ya gina su? Dattawan Mafa ba su ce kakanninsu ne ba, suna cewa an iske su haka nan. A shekarar 2002 wani masani mai suna Nicholas David, na jami'ar Kalgari a Kanada, ya yi tono a biyu daga cikinsu tare da abokan aikinsa, daga baya kuma Scott MacEachern ya yi aiki a babban kufan Kuva. Sun samo fasassun tukwane da gawayi, aka gwada shekarunsu. An ƙiyasta cewa an gina wuraren, aka kuma yi amfani da su, tsakanin ƙarni na 12 da na 17. Game da amfaninsu masana ba su yi baki ɗaya ba. Waɗansu sun bi sunan, suka ce mazaunin manya ne. Nicholas David kuwa ya ga alamar cewa wuraren roƙon ruwa ne, domin a ƙarni na 15 an sha fari mai tsanani a ƙasashen da ke kudancin tafkin Chadi. Ko wanne ne gaskiya, abu ɗaya ya tabbata: mutanen da suka iya tara ma'aikata masu yawa haka, suka ciyar da su, suka kuma bi tsari ɗaya na gini a wuri 16, mutane ne masu shugabanci da hikima.

A nan ya kamata mu gyara wani kuskure da nake ji a bakin matasa. Waɗansu suna cewa an gina kufan nan domin a ɓuya wa Hamman Yaji. Ba haka ba ne. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya yi zamaninsa a farkon ƙarni na 20. Littafin da aka rubuta masa na al'amuran yau da kullum, daga 1912 zuwa 1927, ya lissafta hare-haren da mutanensa suka kai wa ƙauyukan duwatsu domin kama bayi, har Turawan Ingila suka kama shi a 1927. Tsofaffi sun gaji labarin wannan azaba daga iyayensu, shi ya sa duk wani bango mai kauri sai a jingina shi ga zamanin. Amma kufan Diy-Gid-Biy sun riga shi da shekaru ɗari uku ko fiye. In muka ce tsoro ne kaɗai ya sa mutanen duwatsu suka yi gini, mun rage musu daraja.

Daga Koza hanya ta bi gindin duwatsu ta Mozogo zuwa Mora. Mora ita ce mazaunin sarkin Wandala, wato Mandara, daular da ta zauna a Kerawa da Dulo tun da. A bisa dutsen da ke bayan garin akwai wata kagara ta wani zamani dabam. A watan Agusta 1914, da yaƙin duniya na fari ya iso Kamaru, wani hafsan Jamus mai suna Ernst von Raben ya hau dutsen da sojojinsa, yawancinsu 'yan Afirka, suka jera duwatsu suka kāre kansu. Sojojin Ingila da na Faransa suka kewaye su wajen wata 18. Bai miƙa wuya ba sai ranar 18 ga Fabrairu 1916, bayan sauran Jamusawa duka sun bar ƙasar. Littattafan Turawa sun cika da labarin wannan kagara ta wata 18, sun kuwa daɗe ba su ce kome a kan gine-ginen Upay masu shekaru ɗaruruwa ba.

Ta wajen yamma, a hayin iyaka cikin jihar Adamawa ta Nijeriya, akwai Sukur, inda fadar Hidi take a kan dutse, da hanyoyi da aka shimfiɗa da duwatsu. Hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin kayan tarihi na duniya a 1999. Namu kufan sun jira har watan Yuli 2025 kafin su sami wannan matsayi. A dā baƙi sukan zo Mokolo da yawa, su wuce Rumsiki kallon duwatsun Kapsiki, ko su tsaya Jingiliya sayen kayan hannu. Tun 2013, da Boko Haram ta fara kama mutane a yankin nan, ƙafarsu ta ɗauke. A shekarar nan ce aka buɗe sansanin Minawao domin masu gudun hijira daga Nijeriya, Sukur ma an kai mata hari a 2014. Saboda haka wanda yake so ya bi wannan hanya da keke, sai ya tambayi hukuma da mutanen wurin tukuna, ya tafi da rana, kada kuma ya tafi shi kaɗai.

Yanzu ga tambayar da ta shafe mu Kirista. Har wa yau akwai masu bin addinin gargajiya da suke miƙa hadaya a waɗansu kufan nan. To, ya dace mai bi ya je can? Ni kaina na yi tuntuɓe a kan wannan. A farkon aikina wani dattijo ya so ya nuna mini wani tsohon bango, na ƙi, na ce masa wurin tsafi ne, a gaban jikokinsa. Bai amsa mini ba. Ya rasu ban koma na ji abin da ya sani ba, abin kuwa ya tafi tare da shi. Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Littafi Mai Tsarki ya koya mini wata hanya. A Ayyukan Manzanni sura 17, Bulus ya zaga Atina yana duban wuraren sujadarsu. Bai yi sujada a can ba, bai kuma rushe kome ba, sai ya fara wa'azinsa daga abin da ya gani. A littafin Joshuwa sura 4, Ubangiji ya sa aka ɗauko duwatsu 12 daga Urdun aka kafa su, domin in yara sun tambaya iyaye su ba da labari. Haka Baba Simon, firist ɗan kudancin Kamaru, ya yi sa'ad da ya zo Tokombere a 1959. Ya hau duwatsu ba takalmi, ya zauna ya saurari dattawa kafin ya yi magana, har ya rasu a 1975 mutanen duwatsu suna ƙaunarsa.

An daɗe ana kiran mutanen duwatsun nan Kirdi, ana nufin arna marasa tarihi, har waɗansu 'ya'yansu suka gaskata, suna jin kunyar faɗin ƙauyensu in sun je Marwa ko Garwa. Bai kamata ikilisiya ta ƙara musu wannan kunya ba. Ruwan sama da saiwar itatuwa suna cin bangayen nan kowace shekara, dutsen da ya faɗi kuwa ba mai iya mai da shi yadda maginin fari ya sa shi. Roƙona ga 'yan'uwana masu koyarwa shi ne, in hanya ta yi lafiya, mu kai yaran ajinmu, mu nemi izinin dattawan wurin, mu bar su su yi magana. Kada kowa ya ɗauki dutse ko guntun tukunya. Sa'an nan mu sauko, mu ɗauki kekunanmu, mu gode wa Allah wanda ya ba mutanen dā irin wannan gwaninta. Allah ya ba ƙasarmu salama.