Burgu, Ciyawar Da Aka Yi Wa Doka

Idan ana zancen daular Masina, malamai da mayaƙa ake lissafawa. Ni kuwa a ganina akwai wata ciyawa da ta cancanci shiga lissafin, wato burgu. Ba burgun cikin rami nake nufi ba. Wannan ciyawar ruwa ce da ke fitowa a fadamun kogin Neja, musamman yankin Mopti a ƙasar Mali. Ruwa na hawa tana bin sa. In ya janye, ita ke riƙe shanu har faɗuwar damina. A shekarar yunwa kuma, ƙwayarta ake tarawa a dafa.

Abin da ke ciyar da mutum da dabba ba ya rasa rigima. Shi ya sa bayan Shehu Ahmadu ya kafa daularsa a 1818, ya tsara burtalai, da lokacin shiga fadama, da garken da zai riga wani. Ya ɗora kula da makiyaya a wuyan shugabannin da ake kira jowro.

A 1862 Alhaji Umaru Tal ya ci Hamdallahi, babban birnin daular. Daga baya Faransawa suka zo suka tafi. Amma jowro suka ci gaba da ba da izinin shiga burgu.

Farin 1973 da na 1984 ya ƙone fadamu da yawa, har jama'a suka koma dasa burgu da hannu. Mu da rikicin manoma da makiyaya ya addaba, ya kamata mu nazarci wannan tsari.