Wayar da kai kan abinci mai gina jiki a Birnin Kudu da Gwaram

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram dake kudancin jahar Jigawa yanki ne na noma, inda ake samun dawa da gero da masara da gyaɗa da wake. To amma duk da haka, tamowa na daga cikin matsalolin dake addabar ƙananan yara a jahar.

Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekaru biyar sun tsumbure, yayinda a ƙasar baki ɗaya adadin yake kashi 37.

Talauci na da nasa kason, musamman da damina sa'adda rumbuna ke ƙarewa. Sai dai kuma akwai batun yadda ake ciyar da yaro, kuma a nan ne wayar da kai ke da amfani.

A shekarar 2011 aka fara shirin WINNN da tallafin gwamnatin Birtaniya, wanda asusun UNICEF da ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka aiwatar a wasu jahohin arewa. Birnin Kudu na cikin ƙananan hukumomin da shirin ya shafa. Daga baya gwamnatin Jigawa ta ɓullo da nata shirin mai suna Masaki a ƙauyuka.

Abinda ake koyarwa

Darasin farko shi ne a baiwa jariri dakashi, wato nonon farko, wanda wasu iyaye ke matsewa su zubar bisa zaton gurɓatacce ne, alhali yana ɗauke da sinadaran kariya daga cututtuka.

Sannan a shayar da nono zalla har watanni shida. Wannan ne ya fi wuyar karɓuwa, domin a lokacin bazara ba kowace kaka ce za ta yarda a hana jikanta ruwa ba. Amma mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan da ba shi da tsabta na jawo gudawa, ita kuwa gudawa tana buɗe ƙofar tamowa.

Bayan watanni shida, kunun zalla ba ya isar yaro. Akan nuna wa mata yadda ake soya hatsi da waken suya da gyaɗa a niƙa su tare, garin da aka fi sani da Tom Brown, da kuma ƙara zogale ko ƙwai ko kifi.

Akan kuma auna damtsen yaro da wani ɗan zare mai launuka. Idan ma'aunin ya gaza santimita 11.5, tamowar ta yi tsanani, asibiti ake nufa.

Tarukan dai galibi na mata ne, alhali maigida ne ke buɗe rumbu kuma shi ke cefane. Wannan ne ya sa ake neman limamai da masu unguwanni su isar da saƙon ga maza.