Yadda Labarin Sojojinmu na Burma Ya Shiga Littafi

A Zariya akwai barikin Chindit, a Kaduna akwai Dalet da Kalapanzin, a Ikko akwai Dodan da Myohaung, a Ankara kuma hedikwatar sojan Gana sunanta Burma Camp. Ban da Chindit, wanda sunan wata runduna ce ta musamman, duk sunayen wurare ne a ƙasar Burma, wadda ake kira Myanmar a yau, inda sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da na Japan daga 1943 zuwa 1945. Sunayen sun hau ƙofofin bariki tun da wuri, amma mutanen da suka yi yaƙin sai da suka jira sama da shekara hamsin kafin a ba su littafi nasu.

Dalilin bai wuce yadda ake rubuta tarihin yaƙi a wancan zamani ba. Janar-janar ne ke riƙe da alƙalami, su da marubutan gwamnati, kuma abin da ya dame su shi ne taswira da dabara. Littafin da ya fi shahara a kan Burma shi ne Defeat into Victory na Fil Mashal William Slim, kwamandan Runduna ta 14, wanda ya fito a 1956. Littafi ne mai daɗin karatu, kuma wanda bai karanta shi ba zai sha wuyar gane yadda yaƙin ya gudana. Sai dai Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya suka cika, ba su sami rabon da ya dace da guminsu a cikinsa ba.

Sauyi ya soma ne daga wani gefe dabam. A 1976 John Keegan, malami a makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya fitar da The Face of Battle, inda ya ajiye janar a gefe ya tambayi abin da ƙaramin soja yake gani, yake ji, yake tsoro a fagen daga. Bai yi maganar Afirka ba, amma ya sa tambayar ta zama abin da masana ke yi ba kunya.

A 1989 Sashen Afirka na BBC ya nemi 'yan mazan jiya su aiko da labaransu. Cikin waɗanda suka amsa akwai Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga Emure-Ile kusa da Owo, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16 ya zama ma'aikacin jinya. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka yi wa ƙungiyarsa kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a cikin gawarwaki. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi, shi da David Kargbo ɗan Saliyo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san da an gano, shi da iyalinsa sun halaka. Masanin tarihi David Killingray ya shirya rubutun aka buga shi a 1999 da sunan A Stroke of Unbelievable Luck. Daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin har ƙauyen, ya sami iyalan Shuyiman, ya rubuta Another Man's War a 2014, bayan rasuwar Fadoyebo da shekara biyu.

Tsakanin nan wasu littattafan sun fito. John Hamilton, Baturen hafsa da ya yi yaƙin tare da sojojin Gambiya, ya fitar da War Bush a 2001, yana bin Runduna ta 81 tudu da kwari, har da 'yan dakon da suka yi ta sunkutar kaya a ka cikin kurmin da mota ba ta shiga, jiragen sama na jefo musu abinci da harsashi. Karatunsa da nauyi, amma a nan gaskiyar filin take. Killingray kuma ya haɗa nahiyar duka a Fighting for Britain na 2010: yadda aka ɗebi mutane ta hannun sarakuna, albashin da bai kai na Bature ba, da abin da suka tarar bayan sallama.

Wanda ya fi kusa da mu ƙagaggen labari ne. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Burma, ya rubuta Burma Boy a 2007, a kan Farabiti Ali Banana, yaron da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi, ya faɗa cikin Chindit na Janar Wingate. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya ta lokacin, kuma Bandele ya bar ta tana leƙowa a bakin sojojinsa. Abin da ke mini ciwo shi ne duk waɗannan da Turanci suke, alhali da yawa daga cikin masu bindigar da Hausa suka yi rahar sansani, da ita suka kira iyayensu sa'ad da aka harbe su.

Mai son farawa ya ɗauki Phillips, ya bi da Bandele, sannan Killingray. Slim ya zo a ƙarshe, lokacin da mai karatu ya riga ya san waɗanda aka tsallake.