Daga Tsimi Zuwa Garin Gwangwani: Tarihin Maganin Ƙarfi a Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun abin da Bahaushe ke kira maganin ƙarfi, tun daga fagen dambe da kokawa har zuwa ɗakunan motsa jiki na yau. Za a nuna cewa kayan sun sake, amma sunan da yardar da ke tafe da shi suna nan, kuma a nan ne hatsarin yake.

Zamanin Fage

A ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran ƙasar Hausa, da kaka ake buɗe fage, bayan amfanin gona ya zo gida. Dambe kuwa asalinsa wasan mahauta ne, wato mutanen da ba su rasa nama. Saboda haka tushen ƙarfin ɗan wasa abinci ne: fura da nono, da tuwo, da nama, sannan aikin gona da ya riga ya gina jikinsa tun da damina.

A kan wannan ne ake ɗora magani, wanda ya kasu gida uku. Akwai na sha, kamar tsimin saiwoyi da sassaƙe da rubutu. Akwai na wanka da na shafawa a tsaga. Akwai kuma na ɗaurawa, wato laya da kambu da guru. In an lura da sunaye irin su tauri da sagau da kau-da-bara, za a ga galibinsu ba tsoka suke nufin ƙarawa ba, sai dai tsare jiki da karya lagon abokin karawa. Waƙoƙin Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta, da na Ɗan Anace mawaƙin Shago, taska ce ga mai nazarin wannan tunani.

Abin lura shi ne, magani ba ya zuwa shi kaɗai. Daga hannun uba ko ubangida ko malami yake fitowa, mutumin da aka san gidansa, kuma da sharuɗɗansa na abin da za a ci da wanda za a ƙaurace wa. In ya yi ɓarna, an san ƙofar da za a je.

Zamanin Gwangwani

Bayan da Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996, zaman ofis da karatu ya ƙaru, neman ƙarfi kuma ya fara komawa ɗakin ɗaga ƙarfe. Kayan wannan zamani daga Turai da Amurka suka samo asali: garin furotin da ake tatsa daga ruwan da ke saura bayan an yi cuku, da kuma sinadarin kiriyatin, wanda ya yi suna bayan wasannin Olamfik na Basalona a 1992. Masu yin su ƙarin abinci suke ce musu, amma a bakin Bahaushe duk abin da aka sha don ƙarfi magani ne.

Sai dai gwangwani ba shi da ubangida. Dokar Amurka ta 1994 ba ta wajabta wa kamfani neman amincewar hukuma kafin ya fitar da yawancin irin waɗannan kaya ba. Wani bincike da aka yi a Kolon ta Jamus, aka buga a 2004, ya gwada samfuri 634 daga ƙasashe 13, ya tarar 94 na ɗauke da sinadaran ƙara tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. A Nijeriya, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke da alhakin yi musu rajista. Haka kuma faɗin kalmar magani ya sa ƙwayar tiramadol, wadda ta kashe zafin ciwo ce kuma tana kama mai shanta, ta shiga sahun maganin ƙarfi. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta lokacin gasa tun Janairun 2024.

Kammalawa

Aikin da ke gaban masana harshe shi ne su raba wa jama'a abubuwa uku da suna ɗaya ya haɗe: abinci, da ƙarin abinci, da ƙwaya. Ɗan damben da ya san wanda ya ba shi. Ya kamata matashin yau ya san abin da aka ba shi.