Daga Barga zuwa Gadon Mulki: Tarihin Sunayen Muƙamai na Ingilishi

Kullum muna cewa Gwamna, Minista, Kwamishina, kamar da su aka haife mu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar me waɗannan kalmomi suke nufi a gidansu na asali. Da na bi salsalarsu, abin da na tarar shi ne yawancinsu sunayen barori ne kafin su zama na masu mulki.

Mu fara da tsohon Ingilishi. Kalmar "lord", wadda ake kiran manyan sarakunan Ingila da ita, asalinta mai tsaron burodi, watau maigidan da ke ciyar da iyali. A 1066 Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, ta nan kuwa kalmomin mulki masu yawa suka shiga Ingilishi. Minista a Latin bara ne, mai hidima, tushensa ɗaya da kalmar da ke nufin ƙarami. Gwamna kuwa, in an bi shi har Girkanci, matuƙin jirgin ruwa ne. "Marshal" mai kula da doki ne, "constable" kuma shugaban barga. Dubi ikon Allah, na farko ya hau har ya zama ƙololuwar muƙamin soja, na biyu ya gangaro ya zama ƙaramin ɗan sanda. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, don Madawaki ma daga dawaki ya samo sunansa, Shamaki kuma da bargar sarki ya fara.

To, yaya suka iso mana? A 1900 Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa, a 1903 aka ci Kano da Sakkwato. Baturen da aka ɗora bisa kowane lardi aka kira shi Razdan. Ma'anar kalmar ba ta wuce mazauni ba, kuma daga Indiya suka zo da ita, inda ake ajiye Bature a fadar sarki wai don ya ba da shawara. Amma kowa ya san shawarar Razdan umarni ce, sarkin da ya ƙi ta yana iya rasa rawaninsa. A ƙarƙashinsa akwai Di'o mai kula da gunduma, da Kantoma mai kula da bariki. Mulkin sarakuna kuwa aka raɗa masa suna En'e. Lura kuma, ba su yarda su kira sarkinmu "king" ba, wannan sun keɓe wa nasu. Namu "emir" ne ko "chief", kuma har daraja suka yanka musu, ta ɗaya da ta biyu, kamar 'yan makaranta.

Razdan da Di'o sun tafi, En'e ma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa binne ta. Ciyaman da Kansila suka maye gurbi. Kantoma kaɗai ya ƙi mutuwa, ya koma sunan wanda aka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba. Hausawa ba su yi kuskure ba da suka ba shi sunan, don sun gane aikin ɗaya ne.

Mai karatu, darasin da na ɗauka shi ne suna ba ya nuna iyakar ikon mai shi. Wanda aka kira mazauni ya tuɓe sarakuna. Saboda haka duk ranar da Minista ya wuce da jiniya, mu tuna masa cewa harshen da ya ba shi sunan nan bara ya kira shi, mu kuma ne iyayen gidansa.