Keɓe yaro na ɗan lokaci a asibitin ƙwaƙwalwa

A ɓangaren yara na asibitocin masu taɓin hankali, musamman a Amurka, idan yaro ya fara duka ko jifa da kaya, ma'aikatan jinya kan janye shi daga cikin sauran yara, su zaunar da shi a kan kujera ko a wani ɗaki da babu hayaniya na 'yan mintoci.

Dalili shi ne yaro kan ci gaba da duk halin da ke jawo hankalin mutane gare shi, ko da tsawa za a yi masa. Da ya daina samun hakan, sai halin ya ragu. Galibi akan ware minti ɗaya ga kowace shekara ta yaron, wato ɗan shekara 6 ya yi minti 6.

Masanin halayyar ɗan Adam, Arthur Staats, ne ake dangantawa da ɓullo da dabarar a ƙarshen shekarun 1950. A 1964 kuma Montrose Wolf da abokan aikinsa na jami'ar Washington suka ba da rahoton yadda ta rage bore da dukan kai ga wani yaro ɗan shekara uku da rabi da aka kwantar a asibiti.

To sai dai tsakanin keɓewa da kullewa, ƙofa ce kawai. A 1998 jaridar Hartford Courant ta bankaɗo mutuwar mutane 142 cikin shekaru goma sakamakon ɗaurewa ko kullewa a cibiyoyin kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma yara na daga cikinsu.

Dokar lafiyar yara da Amurka ta kafa a 2000 ta bambanta abubuwan biyu. A keɓewa ba a kulle ƙofa. Kullewa kuwa sai da umurnin likita ko wani jami'in lafiya mai lasisi, kuma umurni guda ba ya wuce awa ɗaya ga yaron da bai kai shekara 9 ba, ko awa biyu ga mai shekara 9 zuwa 17.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da yaro ya ƙi tashi. Daga nan ne ma'aikata kan kai ga riƙe shi da ƙarfi, abin da aka so a kauce wa tun farko. Yaron da aka taɓa kulle shi a gida don azabtarwa kuwa, zaman kaɗaici kan iya tayar masa da tsohon tsoro, shi ya sa wasu asibitocin ke barin ma'aikaci ya zauna kusa da shi har ya huce.