Hanya, Amana da Haraji: Yadda Gaya Ta Tashi Daga Ƙofar Gabas Ta Koma Gefe

Idan aka yi wa malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya canjin wurin aiki daga birnin Kano zuwa Ajingi, ko wani ƙauye na ƙasar Gaya, jaje abokan aikinsa kan yi masa maimakon barka. A idon mutumin birni, can ne ƙarshen jiha: ka ƙara gaba kaɗan ka faɗa Jigawa. Haka ma idan gwamnati ko ƙungiyoyin agaji suka tashi maganar tallafa wa masu sana'a a wannan yanki, da harshen tausayi suke yi, kamar ana batun wurin da ciniki bai taɓa leƙawa ba.

Tarihi bai goyi bayan wannan kallo ba. Shekaru ɗaruruwa Gaya tana zaune a kan hanyar da ta haɗa Kano da Borno. Abin da ya mayar da ita gefe shi ne sauyin hanya da shatin iyaka, domin garin yana nan inda yake tun fil azal. Wanda ya fahimci yadda aka yi hakan ya faru zai fi gane abin da kasuwanci yake bukata kafin ya sake tsayawa da ƙafafunsa a nan.

Maƙera da 'ya'yan sarauta

Riwayar kafuwar Kano kanta daga Gaya ta faro. An ce maƙera ne suka taso daga can suna neman tama, suka same ta a gindin Dutsen Dala, suka zauna. Har yau Abagayawa ake kiran zuriyarsu. Ma'anar riwayar a fili take: masu sana'a ne suka bi sawun albarkatun ƙasa, gari ya biyo bayansu.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin buɗewar hanyoyi a ƙarni na 15. A zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja, ƙasar goro da ke arewacin Ghana ta yau. A zamanin Yakubu (1452–1463) gishirin Asbin ya wadata a ƙasar Hausa, Barebari suka shigo da yawa, Larabawa ma suka fara zama. A wannan zamanin ne littafin ya ambaci Sarkin Gaya Agalfati, ya ce ɗan Sarkin Machina ne, ya kuma danganta shi da Sarkin Haɗejiya ta fuskar 'yan'uwantaka. Machina a yau tana Jihar Yobe, dab da iyakar Nijar. Wato tun kafin Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, gidajen sarautar da ke kan hanyar gabas suna da dangantakar jini, kuma irin wannan dangantaka ita ce takardar izinin wucewa ta wancan zamani.

Garin da ayari ke bi ta cikinsa yakan yi ƙarfi, har ya iya ɗaga wa birni kai. A zamanin Sarki Dadi (1670–1703) Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi shekara 3 bai kai haraji Kano ba, daga bisani aka yaudare shi aka kashe. Duk da haka 'yarsa Maryama ce ta haifi sarkin da ya gaji Dadi, Muhammadu Sharefa (1703–1731), kuma a zamaninsa Gayawa suka yi tasiri ƙwarai a fadar Kano. Ba a yin irin wannan surukuta da garin da ba shi da abin hannu.

Abin da ya riƙe fatauci

Me ake ɗauka a kan wannan hanya? Daga gabas, kanwa da mangul da dawaki da dabbobi. Daga Kano, tufafin saƙi da rini, da kayan fata, da goron da aka kawo daga Gwanja. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar Kano a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300, kuma suna isa har Timbuktu da Tarabulus. Mafi yawan wannan aiki a garuruwa da ƙauyukan karkara ake yin sa, a hannun manoman da ke komawa saƙa da rini idan an gama kaka.

Babu banki a lokacin, babu inshora, babu kotun da hukuncinta zai bi mutum daga Kano zuwa Salaga. Abin da ya maye gurbinsu tsari ne mai rassa uku.

Na farko ayari. Fatake ba sa tafiya ɗai-ɗai. Madugu ne ke jagoranci, jagaba yana gaba, uban dawaki yana taimakawa wajen shirya zango da tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya. Madugu shi ke zama da kowane sarki a yi cinikin fito a madadin kowa, don haka ƙaramin falke mai jaki biyu yana samun kariyar da shi kaɗai ba zai iya saya ba.

Na biyu maigida, wanda ake kira fatoma. Shi ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, sa'annan ya tsaya masa idan aka sayar bashi. Ladansa la'ada ce, jarinsa kuwa sunansa. Ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa kowane zango. Wannan tsari ya daɗe har ya tsallake zamanin Turawa. Masanin zamantakewa Abner Cohen, da ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar da cewa shanun da ake kawowa daga Arewa bashi ake sayar wa mahauta, kuma masu gida ne ke lamuni.

Na uku tarbiyya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka yi fice a fataucin goro, yaro kan fara ne da kora jaki a ayarin ubansa ko ubangidansa. Idan ya nuna hankali a ba shi ɗan jari, ya juya, a raba riba. Kafin ya tsaya da kansa ya san hanya, ya san mutane, mutane sun san shi.

Darasin Kumbari

Tsarin nan yana da maƙiyi guda wanda ya fi 'yan fashi illa, shi ne mai mulkin da ya ga kasuwa ta cika ya ɗauka rijiya ce da ba ta ƙafewa. Sharefa ya ƙirƙiro haraji iri-iri. Ɗansa Kumbari (1731–1743) ya ƙara tsanantawa a Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watse cikin ƙauyuka. Falke ba ya jayayya da sarki. Yakan canza hanya ne kawai, sai a wayi gari zango ya zama kufai.

Layin dogo da layin taswira

Abu biyu suka sauya matsayin Gaya a ƙarni na 20. Na farko iyaka. Ingila da Faransa sun yi ta yarjejeniya a 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sa'annan aka kafa alamomi a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Da haka Damagaram da Maraɗi suka faɗa wani mulki, Kano da Katsina da Gumel suka faɗa wani, alhali harshe ɗaya ne, kasuwa ɗaya, aure ɗaya.

Na biyu jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya fuska daga Sahara da Borno zuwa bakin teku. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu. 'Yan kasuwar Kano da manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, kuma tsofaffin fataken goro ne suka yi amfani da yaransu da amanarsu wajen ba da kuɗi a karkara suna tara ta. Alhassan Ɗantata (1877–1955), Ba'agalen Bebeji, shi ne fitaccen misali: ya yi fataucin goro a Gwanja, ya kasance cikin na farko da suka ɗauko shi ta jirgin ruwa zuwa Legas, daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa. Babu wanda ya koya masa kasuwanci a taron bita. Hanya ce ta buɗe, ya riga ya mallaki amanar da zai bi ta da ita.

Amma sabuwar hanyar ba ta bi ta kowa ba. Da aka miƙa layin zuwa Nguru, inda ya isa a 1930, ta Ringim ya bi, arewa da kogi. Garuruwan tasha suka samu kantuna da sikeli da 'yan ƙwadago, ƙasar Gaya ta zama mai noma ta kai wa wasu. A ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, sai ga wani sabon layi a gabas da arewa. Dutse da Jahun da Ringim, waɗanda mutanen Gaya da Ajingi ke cin kasuwa da auratayya da su, suka koma ƙarƙashin wata gwamnati mai nata haraji da nata rasiɗi.

Iyakar da ake ji daga nesa

Gaya ba ta kan iyakar ƙasa, amma duk abin da ya faru a Maigatari yana isowa nan. Kasuwar dabbobi ta Maigatari tana ci ranar Alhamis, ta Wudil ranar Juma'a, kuma wani ɓangare na shanun da ake gani a karar Wudil daga Nijar suka tsallako. Hatsi da kayan masarufi kuma suna bin hanyar su koma arewa.

A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a Nuwamba ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disambar 2020 aka buɗe mashigai huɗu, Maigatari na ciki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumi aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. A irin wannan yanayi kaya ba sa daina tsallakawa gaba ɗaya, sai dai kuɗin tsallakawar ya ninka. Babban ɗan kasuwa yana da ƙarfin biyan kuɗin ɓarauniyar hanya, mai buhu goma kuwa jarinsa ne ke narkewa.

Ba a rasa hukumomi ba. Tun 1971 akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar mai mazauni a Yamai. A 2007 aka yi taro a Katsina kan shirin haɗa kasuwannin Kano da Katsina da Maraɗi, bayan ƙarancin abincin da ya auka wa Nijar a 2005 ya nuna yadda farashin Dawanau ke shafar tukunyar mutumin Maraɗi. A Yamai ɗin dai aka ƙaddamar da yankin ciniki maras shinge na Afirka a Yulin 2019, wata guda kafin Najeriya ta rufe iyaka. Takardu sun yi yawa, abin da ya yi ƙaranci shi ne tabbacin cewa hanyar da aka bi yau za ta kasance a buɗe gobe.

Abin da tarihin ke nema a gare mu

Yawancin shirye-shiryen tallafi a yau sun tsaya ne a kan mutum ɗaya: a ba shi horon mako guda, a miƙa masa keken ɗinki ko injin markaɗe, a ɗauki hoto. Ba laifi ba ne, amma tela goma a ƙauyen da masu ɗinki ba su ƙaru ba gasar talauci kawai za su yi. Fatake sun bunƙasa ne saboda an haɗa su da kasuwa mai nisa.

Saboda haka aikin farko na gwamnatocin Kano da Jigawa ne: su amince da rasiɗi guda, ta yadda motar riɗi ko wake da ta tashi daga Ajingi zuwa Maigatari za ta biya sau ɗaya, a rage shingayen da ke kan hanyar Gaya zuwa Jahun da Kafin Hausa. Wannan ba ya jiran Abuja ko Yamai.

Na biyu, bankuna da asusun gwamnati su karɓi lamunin ƙungiyoyin dillalai da sarakunan kasuwa a matsayin jingina. Manomin da ba shi da takardar fili yana da mutanen da suka san ko yana biyan bashi, kuma aikin fatoma ke nan tun asali.

Na uku, ƙananan manoma su sayar a dunƙule, kamar ayari. Riɗi da zoɓo suna da masu saye a ƙasashen waje, zoɓon Arewa har Meziko yake zuwa. Amma mai tiya biyar ba ya cinikin farashi. Ƙungiya mai rumbu da sikeli da awo guda ita ke iya yi.

Na huɗu, masarautu. Dokar 2024 ta bar Masarautar Gaya da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Duk yadda siyasa ta juya da batun sarauta, fadar Gaya tana iya zama da Dutse da Ringim da Gumel, har da Damagaram, a kan rikicin bashi da satar dabbobi da burtali, ko da gwamnatoci ba sa ga-maciji.

Ga kuma wata dama tana tafe. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, yana da reshe daga Kano zuwa Dutse, ta wannan shiyya. Shekara kusan ɗari bayan layin Nguru ya kauce mata, hanya tana neman dawowa ƙasar Gaya. Sai dai jirgi ba ya tsayawa don ya gaisa, kaya yake tsayawa ɗauka. Idan ya tarar da rumbuna da ƙungiyoyi da dillalan da aka amince da su, za a yi lodi a nan. Idan bai tarar ba, yara za su ɗaga masa hannu ya wuce Dutse.